Taubashi, ba zan aiko maka da allurar nan Daura ba

Gaisuwa mai yawa daga Birmingham. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Saƙonka na murya ya iso, na saurara har da dariyar da ka ƙyalƙyale da ita da ka zo kan batun amarya. Allah ya sanya alheri. Amma allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta, da ka ce in ba mai zuwa gida ya taho maka da ita, ba zan aiko ba, kuma wallahi ba rowa ba ce.

A Ingila ba ka shiga kemis ka ce a ba ka. Yana cikin magungunan da doka ta sa wa ido, sai da takardar likita. Ni da ka ji ina amfani da shi, sai da aka wahalar da ni tukuna. Na je da kukan kasala, gyangyaɗi da rana da raguwar sha'awa, likita bai rubuta mini ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ce in dawo a ɗebi jinina da safe kafin ƙarfe 11, kuma kada in karya, domin da safe sinadarin yake cika a jini, rana na yi yana sauka. Da sakamako ya nuna ƙasa, ya ce a sake wata rana, awo ɗaya ba ya yanke hukunci. A ma'auninsu, in ya gaza 8 akwai ƙaranci, tsakanin 8 da 12 sai a dubi alamomin da mutum ke ji, in ya haura 12 kuwa sai a nemi ciwon a wani wuri. Aka auna suga, aka auna kaurin jini, aka duba furostet, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Daga nan sai jiran ƙwararren likita, kuma jiran nan na watanni ne. A nan kam gida ya fi, in kana da kuɗinka yau za ka ga likita.

Maganin kansa ba shi da tsada a tsarin gwamnati. Kowane magani da aka rubuta maka fam 9.90 ne a Ingila, mai arha ne ko mai tsada, wanda ya kai shekara 60 kuma ba ya biya. A Sikotilan da Wales ma kyauta ne ga kowa. Akwai asibitocin kuɗi da suka cika intanet da talla, suna karɓar kuɗi wata-wata, su ne masu zugawa kowane magidanci da ya gaji da aiki ya ɗauka sinadarinsa ne ya ƙare.

Nawa na shafawa ne, Testogel. Da safe bayan wanka na matso shi a tafin hannu, sanyi ƙalau, da ɗan wari irin na sifirit ɗin asibiti, in shafa a kafaɗu da damatsa, in tsaya ya bushe, in wanke hannu da sabulu, in sa riga. Sai na sa rigar nake ɗaukar 'yar auta, domin in ya taɓa fatar yaro ko mace yana shiga jikinsu. Wanda ba ya son wannan hidimar akwai allura: Sustanon kusan duk mako uku, ko Nebido duk mako 10 zuwa 14. Kuma ba a sallamarka. Lokaci-lokaci za a kira ka a ɗebi jini, saboda maganin na sa jini ya yi kauri, in kaurin ya haura kashi 54 cikin 100 sai a rage ko a dakatar. Wani babban bincike da aka fitar a 2023 kan maza sama da 5,000 ya nuna bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba, amma an ga ƙarin daskarewar jini a huhu da rikicewar harbin zuciya.

To ga abin da ya shafe ka kai tsaye, ango. Kafin a rubuta mini, likita ya dube ni ya ce, kana da niyyar ƙarin haihuwa? Dalili shi ne ƙwaƙwalwa ce ke aika wa maraina saƙo su yi testosteron, su kuma yi ƙwayoyin haihuwa. Da zarar ta ga sinadarin ya cika jini daga waje, sai ta daina aika saƙon. Ƙwayoyin maniyyi su ragu, a wasu mazan su ɗauke gaba ɗaya, maraina su ƙanƙance. Mutum na jin ƙarfi, yana ganin komai daidai, amma ciki ba ya shiga. In an daina, yakan ɗauki watanni, wani har shekara ko fiye, kafin abin ya dawo. Ka kuma san halinmu: shekara biyu ba ciki, amarya za a ɗora wa laifi, a yi ta yawo da ita gidan masu magani. Mai ƙaranci da ke son haihuwa, wasu magungunan daban ƙwararru ke ba shi, masu tayar da marainan su yi aikinsu da kansu.

Na san a gida komai basir ne ko sanyi. Mai lasifika a bakin tasha yana da maganin duka a gora ɗaya, kuma NAFDAC ta sha gargaɗi cewa irin waɗannan haɗe-haɗen wasu ana zuba musu sinadarin Viagra a ɓoye. Alhali yawancin raunin da maza ke kuka da shi daga suga ne, ko hawan jini, ko tumbi, ko rashin barci. Tiramol da kodin da samarinmu ke sha don ƙarfi, su ma karya testosteron suke yi. Kai kuma tumbin nan naka na gan shi a hoton sallah, ba sai an faɗa ba.

Ka daure ka shiga mota ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, da sassafe, ba ka ci komai ba. Ka ce a auna maka suga da hawan jini da testosteron, kuma ka faɗa wa likita tun farko cewa aure za ka ƙara. Kuɗin awon ni zan biya. Mai zuwa gida kuma zan ba shi na'urar awon hawan jini da ta suga ya kawo maka, su a nan ko'ina ana sayarwa ba sai da takarda ba.

A gaida Hajiya, a ce mata man zafin gwiwarta na nan tafe.