Waze da lasisin tuƙi: inda manhajar take kare direba da inda ƙarfinta ya ƙare

Direbobi da yawa da suke saka manhajar nuna hanya ta Waze a wayoyinsu ba neman hanya ne ya fi damunsu ba, domin mafi yawan zirga-zirgar mutum a titunan da ya riga ya sani take. Abin da suke nema shi ne a sanar da su inda aka kafa kyamarar auna gudu da inda jami'an hanya suka tsaya, tun kafin takardar tara ta iske su a gida. Na daɗe ina tuƙi da wannan manhaja, kuma hukuncina a kanta shi ne tana taimaka wa direba ƙwarai wajen kare lasisinsa, sai dai ba ta ƙofar da akasarin mutane suke zato ba. Ƙaramar da'irar nan da ke gefen allo, wadda take nuna gudun mota tare da iyakar gudun da doka ta sa wa titin, ta fi duk sanarwar kyamara amfani, kuma ita ce mutane suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

A Isra'ila aka ƙirƙiro Waze, kamfanin Google kuma ya saye ta a shekarar 2013. Kyauta ake sauke ta, tana samun kuɗinta daga tallace-tallace. Masu aikin sa-kai ne suke gyara taswirarta, su shigar da sababbin tituna da iyakar gudun kowanne, direbobin da ke kan hanya kuma su ne suke ba da rahoton haɗari ko cunkoso ko jami'an tsaro, waɗanda suka biyo baya su tabbatar ko abin yana nan ko ya kau. Daga wannan tsari ƙarfinta ya fito, daga nan kuma rauninta ya fito.

Dalilin da ya sa nake auna manhajar da ma'aunin lasisi, ba da ma'aunin kuɗin tara ba, shi ne kuɗi ana biyansa a wuce wurin, amma makin laifi, wato makin da hukuma take rubuta wa direba idan ya karya dokar hanya, yana zama a kundinsa shekara da shekaru. A Birtaniya mafi ƙarancin hukuncin gudun wuce ƙa'ida yana zuwa da maki 3, wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku kuma yana fuskantar haramcin tuƙi, galibi na wata shida. Sabon direba kuwa, maki 6 cikin shekara biyun farko sun isa a soke lasisinsa, ya koma ya sake jarrabawa daga tushe. A Jamus ana tara makin ne a ofishin rajistar da ke garin Flensburg, kuma da ya kai 8 an karɓe lasisi. Faransa ta juya lissafin: direba yana riƙe da maki 12, sabon shiga yana farawa da 6, laifuffuka da dama suna zaftare wani abu har su ƙare. A duk waɗannan tsare-tsare, ba lallai ne wanda ya ƙure maleji sau ɗaya ya zama shi kaɗai ke rasa lasisi ba. Akwai mutumin kirki mai tuƙi kullum zuwa wurin aiki, wanda yake ɗara iyaka da kaɗan ba tare da ya lura ba, yau a nan, bayan 'yan watanni a can, har makin ya taru. Ga mai tuƙin haya ko mai kai kaya, ranar da lasisi ya tafi ita ce ranar da abincinsa ya tsaya, ban da ƙarin kuɗin inshora da yakan biyo bayan maki a wasu ƙasashe.

Irin wannan direba ne ma'aunin gudun Waze yake yi wa aiki. Manhajar tana lissafa gudun mota daga siginar tauraron ɗan'adam, ta ajiye shi kusa da iyakar titin, kuma da zarar an wuce iyakar sai lambar ta koma ja. A cikin saituna mutum yana iya zaɓar a riƙa nuna masa iyakar a kowane lokaci ko sai ya wuce ta, ya kunna ƙarar gargaɗi, ya kuma zaɓi matakin da gargaɗin zai tashi, ko daidai kan iyaka ko bayan an ɗara ta da wani kaso. Shawarata ita ce a bar iyakar tana bayyane koyaushe, a kunna ƙarar, a kuma ɗaure ta daidai kan iyaka. Ƙarar tana da ɗan ban haushi a kwanakin farko, amma a cikin wannan ban haushin ne mutum yake gano wuraren da ƙafarsa take nauyi a kan totur ba da saninsa ba: gangaren da mota take ƙara gudu da kanta, faffaɗan titin cikin gari da yake kama da babbar hanya, da kuma mashigar ƙauye bayan doguwar tafiya, inda kilomita 70 a sa'a take zame wa jiki kamar tafiyar hawainiya alhali allo ya ce 50. A shekarar 2024 an ƙara wa manhajar sanarwar cewa iyakar gudu za ta ragu a gaba, wadda take ba direba damar ɗaga ƙafa da wuri maimakon taka birki a gindin allo. A ganina wannan ƙari ya fi da yawa daga cikin abubuwan da ake yi wa manhajar talla da su.

Akwai wani abu da duk mai amfani da ita zai lura da shi tun ranar farko, wato lambar da ke wayar takan yi ƙasa da wadda malejin mota yake nunawa. Ba lalacewa ba ce. Ƙa'idar da Turai da wasu ƙasashe da dama suke bi wajen ƙera motoci ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta yarda ya nuna sama da shi har da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, ta yadda motar da take gudun 100 za ta iya nuna har 114 ba tare da ta saɓa doka ba. Masu ƙera motoci sukan bar ɗan rata a nan da gangan. To, direban da ya koma dogara da lambar waya ya cinye wannan ratar da take kare shi, idan kuma ya ƙara da saita gargaɗi a kashi 10 sama da iyaka, ya fita daga inuwar doka gaba ɗaya yana zaton yana cikinta. Shi ya sa na nace a kan ɗaure gargaɗin daidai kan iyaka. Ya kamata a san kuma cewa lissafin tauraron ɗan'adam ya fi daidai idan mota tana tafiya da gudu ɗaya a fili. Yana ɗan jinkiri idan ana ƙara wuta ko rage ta, yana kuma ɓacewa a hanyar ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen gine-gine.

Babban raunin manhajar yana cikin iyakar gudun da take nunawa. Tun da mutane ne suke shigar da ita da hannu, a biranen da masu gyaran taswira suke da yawa bayanin yana da kyau, a wuraren da suka yi ƙaranci kuma ana samun titunan da ba su da iyaka ko kaɗan a taswira, ko kuma suna ɗauke da tsohuwa bayan hukuma ta sauya ta. Iyakar wucin-gadi a wurin gyaran hanya, da allunan lantarki da suke sauya lamba gwargwadon cunkoso ko ruwan sama, da iyaka ta musamman ga manyan motoci ko mai jan tirela, duk ba abubuwa ne da za a jingina da waya a kansu ba. Allon da ke bakin titi shi ne doka, kuma babu alƙalin da zai karɓi uzurin cewa waya ce ta nuna wata lamba dabam.

Sanarwar kyamara da ta jami'an hanya, wadda ita ce ta yi wa Waze suna, ita ce na fi ɗari-ɗari da ita. Da farko, ba ko'ina doka ta yarda da ita ba. A Jamus laifi ne direba ya yi amfani da manhajar da take gargaɗin kyamara yana tuƙi, kuma hukuncin ya haɗa da tara da maki ɗaya, wato abin da aka ɗauko don kare lasisi shi ne zai jawo masa maki. Suwizalan ma ta haramta, Faransa kuma ta hana nuna ainihin wurin kyamara, shi ya sa a can ake nuna yanki mai faɗi kawai. Duk mai ƙetare iyakar ƙasa da mota sai ya bincika wannan kafin ya tashi. Bayan haka, kyamarar da jami'i yake riƙe da ita a hannu ko a cikin mota tana iya kama mutum kafin wani ya ba da rahotonta, kyamarorin da suke lissafa matsakaicin gudu tsakanin wurare biyu kuma ba sa ruɗuwa da taka birki a gabansu. Abin da ya fi damuna shi ne ɗabi'ar da wannan sanarwa take koya wa direba, ta rage gudu inda ake kallonsa ya saki mota inda ba a kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa a cikinsa da kimanin kashi 4. Idan motoci biyu suka hangi yaro a wuri guda, ɗaya tana gudun 50 ɗaya tana 60, a daidai inda ta farko ta tsaya cak ta biyun tana nan tana gudun kusan 40. Ribar wannan ƙarin gudu a tafiyar kilomita 10 kuwa minti biyu ce kacal.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Manhajar tana cin batir da data, don haka tana buƙatar caja da mariƙin waya mai ƙarfi, ko a haɗa ta da allon mota ta Android Auto ko Apple CarPlay. Ba da rahoto da yatsa ana cikin tafiya hatsari ne, a ƙasashe da yawa kuma taɓa waya a hannu laifi ne da makinsa ya fi na ƙaramin gudu. A bar wa fasinja ko a yi da murya. Google Maps ma tana nuna gudu da iyaka a ƙasashe da dama, allonta kuma ya fi natsuwa ga wanda yawan alamomi yake raba wa hankali. Wanda ya sayi sabuwar mota a Tarayyar Turai daga watan Yulin 2024 zai tarar da na'urar gargaɗin iyakar gudu a jikinta, domin doka ta wajabta.

Idan takardar tara ta riga ta iso, aikin Waze ya ƙare, kuma a nan ne mutane suka fi cutar da kansu. Hoton allon waya ko tarihin tafiya ba hujja ce mai nauyi a gaban na'urar hukuma da aka gwada aka tabbatar ba. Abin da yake ceton lasisi a wannan mataki shi ne karanta takardar da kyau, a duba lambar mota da rana da wuri, a nemi hoton idan akwai shakka, a kuma amsa kafin wa'adi ya cika. A Birtaniya ana aika sanarwar ga mai rajistar motar cikin kwana 14, shi kuma yana da kwana 28 ya faɗi wanda yake tuƙi. Ƙin amsawa yana jawo maki 6, ninkin abin da ƙaramin laifin gudun zai jawo, ɗora laifin a kan wani da ƙarya kuma yana iya kai mutum kurkuku. A Ingila da Wales 'yan sanda sukan ba wanda ya ɗara iyaka da kaɗan zaɓin halartar kwas na wayar da kai a maimakon maki, muddin bai yi irinsa ba cikin shekara uku da suka wuce. A Faransa kwas na kwana biyu yana dawo da maki har 4, sau ɗaya a shekara. Duk wanda aka yi wa irin wannan tayi ya karɓa, wanda makinsa ya kusa cika ko aka kira shi kotu kuma ya nemi lauyan da ya san dokar hanya tun kafin ya sa hannu a kan komai. Tun da takardar tana zuwa ne adireshin da ke rajistar motar, wanda ya sauya gida ya sanar da hukumar rajista nan da nan, domin wa'adin yana tafiya ko takardar ta shiga hannunsa ko tana kwance a tsohon gida.