Zinariya ko Azurfa: Wace ta Fi Dacewa da Gano Zaiba a Ruwan Kogi?

Ɗan'uwanmu mai karatun sinadarai a jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST da ke Kumasi, a Ghana, ya tambaya cewa idan zai haɗa ma'auni mai ƙyalli domin gano zaibar da masu galamse (masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba) ke zubarwa a kogin Ofin, ƙwayoyin nano (ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani) na zinariya zai ɗauka ko na azurfa. Ɗan'uwa, a ganina zinariya ce ta fi dacewa da aikinka.

Irin wannan ma'auni da rini mai ƙyalli yake aiki, kuma ƙarafan biyu suna sauya ƙyallin rinin gwargwadon tazarar da ke tsakaninsu da shi. Idan rinin ya manne a jikin ƙwayar ƙarfen, haskensa dushewa yake yi, amma idan aka bar ratar kimanin nanomita 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), ƙarfen na iya ƙara masa haske.

Zinariya gwana ce wajen dusar da haske. Haɗa ta ba wuya ta hanyar da Turkevich da abokan aikinsa suka bayyana a 1951: a tafasa gishirin zinariya a ruwa, a zuba sinadarin sitiret, sai ka ga ruwan ya yi duhu, daga bisani ya koma ja kamar zoɓo, alamar cewa ƙwayoyin suna shan hasken da tsawon zangonsa yake wajajen nanomita 520. Idan aka ɗora musu rinin rodamin B, ƙyallinsa ɓacewa yake yi, amma da zarar zaiba ta shigo sai ta kama jikin zinariyar ta ture rinin, hasken rinin mai launin ruwan lemo ya dawo daidai da yawan zaibar. Ga shi kuma zinariya ba ta tsatsa, don haka kwalbar da ka haɗa za ta yi watanni a firiji ba ta sauya ba.

Azurfa ta fi araha, ruwanta rawaya ne, tana shan haske a wajajen nanomita 400, kuma ta fi zinariya iya ƙara wa rini haske. Sai dai ba ta da juriya, domin iska tana cinye fatarta, sannan kulorayid da farar wuta da ke cikin ruwan kogi suna manne mata. Wanda zai yi aiki da tsabtataccen ruwa a ɗakin gwaji, yana neman haske mai ƙarfi, shi ya kamata ya waiwaye ta.

Ko da zinariyar ce, dalma da tagulla suna iya rikita sakamako, shi ya sa ake ƙara sinadarin da zai ɗaure su. Ma'auninka kuma ya zama yana iya ganin ƙasa da maikirogiram 6 a kowace lita, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha. Laka tana tare haske, dole a tace ruwan, amma kaso mai yawa na zaibar a jikin lakar yake maƙalewa. Saboda haka ka adana lakar da ta rage bayan tacewar, ka kai ta a auna da babbar na'urar ɗakin gwaji, sannan ka gwama sakamakon biyu.