Fentin Silic One: Yadda Ya Yi Mana Aiki a Tekun Baltik Ba Tare da Jan Ƙarfe Ba

Duk mai jirgin ruwa ya san cewa gindin jirgi ba ya daɗewa cikin teku sai gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo sun manne masa, su rage masa gudu, su kuma ƙara masa shan mai. Maganin da aka saba da shi shi ne fentin da aka cuɗa da jan ƙarfe, wanda ke tsiyayar da guba a hankali domin ya hana halittun zama. Sai dai gubar ba ta tsayawa a jikin jirgi. Tana narkewa cikin ruwa, tana taruwa a laka, musamman a tashoshin da ruwa ba ya gudana sosai, inda take cutar da 'ya'yan kifi da tsirran teku. Masu bincike a Jami'ar Chalmers da ke Suwidin sun bayyana a 2022 cewa kusan kashi 40 cikin 100 na jan ƙarfen da ke shiga Tekun Baltik, da ke arewacin Turai, daga irin wannan fenti yake fitowa. Saboda illar jan ƙarfen ne hukumar kula da sinadarai ta ƙasar ta bambanta fentin da aka yarda da shi a gaɓar gabas da na gaɓar yamma, kuma ba ta amince da fenti mai guba a tafkuna ba.

Wannan ne ya kai mu ga Silic One, wanda kamfanin Hempel na Danmak ke yi, lokacin da muka tashi sabunta fentin ƙaramin jirginmu. Fentin ba ya kashe komai. An yi shi da silikon, wani abu mai laushi kamar roba, kuma idan ya shiga ruwa fuskarsa takan yi santsi ƙwarai har halittun su rasa inda za su kama da kyau, abin da ya samu ya manne kuwa, gudun jirgi ko soso mai laushi ya isa ya kawar da shi.

Wahalar tana wajen shafawar farko, kuma ya kamata mai saye ya san haka tun kafin ya buɗe gwangwani. Silikon ba ya kama tsohon fenti kai tsaye, don haka ko dai a kankare tsohon gaba ɗaya, ko a rufe shi da wani shafi na musamman idan bai lalace ba, sannan a sa shafin da ke haɗa silikon ɗin da abin da ke ƙarƙashinsa, daga baya a yi shafi biyu na fentin kansa. Kowane shafi yana da lokacin jiransa, kuma aikin ba ya son ruwan sama ko sanyi mai tsanani, abin da ba ƙaramin lissafi ba ne a ƙasar da bazararta gajera ce. Mu mun zaɓi kankarewa, muka tattara ƙurar a kan leda domin kada gubar da muke gudu ta koma teku ta wata hanya. Kuɗin shekarar farko ya fi na fentin jan ƙarfe, amma ba a sake shafa shi kowace shekara.

Da muka ɗaga jirgin a ƙarshen kaka, abin da muka tarar shi ne siririn yauƙi da 'yan halittu kaɗan a kusa da inda ruwa ke tsayawa a jikin jirgin, waɗanda suka zube da shafar hannu. Ruwan wankin bai fito da launin fenti ba, kuma wannan ya fi komai faranta mini rai, domin na sha ganin jan ruwa yana kwarara daga wurin wankin jirage zuwa cikin tasha.

Fuskar fentin tana da taushi, saboda haka buroshi mai kaushi ko gugar dutse na iya yage ta, santsinta kuma yana sa a ɗaure igiyoyin ɗaga jirgi da kyau don kada su zame. Wanda ke barin jirginsa a tsaye watanni zai buƙaci ya riƙa goge shi. Ga wanda ke fita da jirginsa a kai a kai a ruwa irin na Baltik kuwa, ban ga sauran hujjar komawa ga jan ƙarfe ba, kuma shi za mu sake shafawa idan lokaci ya yi.