Zanga-zangar lumana ko ɗaukar makami?

Masu bincike biyu, Erica Chenoweth da Maria Stephan, sun bi diddigin gwagwarmaya 323 da aka yi tsakanin 1900 da 2006. Ta lumana ta yi nasara da kashi 53 cikin ɗari, ta makami kashi 26 kacal.

Lumana kowa na iya shiga, tsoho da mai goyo da ɗan kasuwa, kuma idan titi ya cika maƙil, soja kan ji nauyin harbin 'yan'uwansa. Haka Shugaba Marcos na ƙasar Filifin ya faɗi daga mulki a 1986. Makami kuwa sai tsirarun matasa, yana kuma bai wa gwamnati hujjar murƙushe kowa da sunan yaƙi da ta'addanci.

Ni lumana na zaɓa, ko da yake abin da ya biyo bayan kifar da al-Bashir a Sudan a 2019 yana ci mini rai har yau.