Batirin ruwa ko na litiyam: wanne ya fi daɗewa a sola?

Malam, ka tambaya ko batirin ruwa, wanda masu shago ke kira tubula, zai kai na litiyam daɗewa, ganin yadda tazarar farashinsu take da yawa. Tambayar ta dace, domin a cikin kayan sola batir ne ke fara mutuwa. Farantan kan rufi yawanci suna zuwa da garantin shekara 25, inbata mai kyau kuma, wato na'urar da ke juya wutar batir zuwa irin wadda kayan gida ke amfani da ita, takan kai shekara 10.

Batirin ruwa ba ya son a zuƙe fiye da rabin cajinsa. Saboda haka guda huɗu masu 200Ah da 12V, waɗanda a lissafi suke riƙe da 9.6kWh, wato yunit 9.6 na wuta irin wanda mita ke ƙirgawa, abin da za ka mora kowane dare bai wuce 4.8 ba. Litiyam ɗaya na nau'in LiFePO4 mai 5kWh kuwa zai ba ka 4 zuwa 4.5, domin yana jure a sha kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na cajinsa.

Idan ana zuba wa tubula tataccen ruwan batir a kan kari, ba na rijiya ko na famfo ba, kuma ana cika cajinsa kullum, yakan yi shekara 3 zuwa 5. Litiyam mai inganci ana ƙiyasta masa caji da saukewa sau 3,000 zuwa 6,000, wato fiye da shekara 8 ko da kullum ake amfani da shi, kuma ba ya buƙatar ruwa.

Zafi ne babban abin da ke gajarta ran batir a wajenmu. Masu ƙera batir suna yin lissafinsu a ma'aunin zafi 25, kuma duk ƙarin kusan 10 a kan haka yana rage rabin rayuwar batirin ruwa. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura 40, tubular da aka kulle a ɗakin kwano marar iska da wuya ta cika shekarun da aka yi alkawari. Litiyam ma zafi yana cin sa, sai dai bai kai haka ba.

A ganina, idan kana da firji ko injin jan ruwa, kuma aljihu zai iya, litiyam ya fi sauƙi idan aka raba kuɗinsa a kan shekarun da zai yi. Idan fitilu da fanka da cajin waya ne kawai, tubula ta wadatar. Amma ka nemi rubutaccen garanti kafin ka biya, domin akwai litiyam a kasuwa da aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyin batir.