Sharhi Bayan Wata Goma Sha Huɗu A Ƙungiyar Masu Hawan Tsaunuka

Wata goma sha huɗu ke nan da na yi rajista da wata ƙungiyar masu hawan tsaunuka da tattaki a daji, kuma a wannan tsakani na bi su fita sau goma sha ɗaya, uku daga ciki da kwana a tanti. Na shiga ne da zaton cewa abin da zan samu shi ne abokan tafiya da kuma kayan aro, domin igiya da kwalkwali da tanti ba kaya ba ne da sabon shiga zai tara su rana ɗaya. Na samu waɗannan ɗin, sai dai ba su ne suka sa na sabunta rajistata ba da shekara ta zagayo. Abin da ya riƙe ni shi ne na tarar da mutanen da suke iya ce mini in koma baya alhali ƙololuwar dutse tana gabana ina kallonta.

Makonni huɗu na farko ba a bar mu mun taka wani tsauni na kirki ba, horo kawai aka yi ta ba mu, kuma a lokacin na ɗauke shi ɓata lokaci. An koya mana karanta taswira, musamman layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tsayin ƙasa, waɗanda idan suka matsu da juna to hawan yana da tsini, idan suka yi tazara kuma ƙasar ta kwanta. An koya mana aiki da kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa, ko da akwai waya a aljihu, saboda sanyi yana zuƙe batir da wuri, kuma a cikin kwazazzabo sau da yawa babu sabis. Sai ƙullin igiya mai siffar lamba 8, wanda da shi mai hawa yake ɗaure kansa a ɗamarar ƙugu. Mai horar da mu, wata mace mai ƙarancin magana, takan karɓi ƙullina ta juya shi a tafin hannu, ta bi kowane zare da yatsa, sannan ta kwance ta miƙo mini ba tare da ta ce uffan ba. Sau tara ta yi mini haka a yini guda. A na goma sai ta ce in rufe ido in sake ɗaurawa, domin wata rana a cikin duhu zan yi shi da yatsun da sanyi ya sandarar.

A cikin darussan, wanda ya fi yi mini amfani shi ne lissafin lokacin tafiya da wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya fitar a shekarar 1892: a ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Fitarmu ta uku kilomita 12 ce da hawan mita 900, wato kusan awa huɗu a lissafin. Mu awa shida muka yi, domin ƙa'idar ba ta lissafa hutu da nauyin jaka da tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa ba, kuma an gina ta ne a kan mutum mai ƙarfin jiki. Jagororin ƙungiyar sun san haka, shi ya sa suke ƙara wa lissafin rabinsa idan akwai sababbi a ayari.

Daga wannan lissafi ne ake fitar da lokacin juyawa, wanda ake yankewa tun kafin a tashi, kuma idan ya cika dole a kama hanyar sauka ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A fitarmu ta shida an yanke ƙarfe ɗaya na rana. Mun makara wajen tashi, sannan wani daga cikinmu ya gurɗe a idon sawu, aka tsaya ana naɗe masa bandeji. Da ƙarfe ɗaya ta buga, saura abin da bai wuce tafiyar minti ashirin ba mu kai, har ina hango tulin duwatsun da masu hawa suke tarawa a can sama. Jagoran ya dubi agogonsa, ya dubi gajimaren da ya fara haɗuwa ta yamma, ya ce a juya. Na roƙe shi ya bar mu mu uku masu sauran ƙarfi mu ƙarasa mu riske su a hanya. Ya ce, "Malam, dutsen nan ba ya zuwa ko'ina, kuma ba na raba ayari gida biyu." Na sauko raina a ɓace, ban yi wa kowa magana ba. Ba mu yi awa ɗaya muna gangarowa ba aka yi walƙiya, jagoran ya sa muka ƙirga daƙiƙu har tsawa ta biyo, muka samu tara. Sauti yana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, ke nan hadarin yana nesa da mu da kilomita uku kacal, kuma da an biye mini da a daidai lokacin muna tsaye a wuri mafi tsayi a duk yankin, riƙe da sandunan ƙarfe na dogarawa. Ni kaɗai da ba zan juya ba, wannan na tabbata, kuma babu wani littafi ko bidiyo da zai kama hannuna ya juya ni.

Wajen kaya kuwa, shawararsu ta hana ni asara. Sun ce kada in sayi komai sai takalmi, sauran in yi ta aro har in gane abin da nake buƙata. Takalmin ma sun ce in yi ta yawo da shi makonni kafin in hau dutse, ban ji ba, na dawo daga fitar farko da bororo biyu a dunduniya waɗanda suka hana ni sa takalmi mai rufi har kwana goma. Sun kuma hana mu sa rigar auduga a jikin fata, saboda tana shan gumi ta riƙe, kuma zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka rigar da ta jiƙe a gindin dutse ita ce za ta sa mutum karkarwa a samansa. Kowa kuma dole ya rataya usur, ya san alamar neman agaji: busa shida a cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake, mai amsawa kuma ya busa uku.

Ƙorafina na farko a kan yadda suke rarraba tafiye-tafiye ne. Abin da suke rubuta wa "mai sauƙi" a jadawali tsofaffin 'yan ƙungiya ne suka auna shi da ƙafafunsu, kuma na ga mutum biyu da suka zo sau ɗaya, suka sha wuya a irin wannan tafiya, ba su sake dawowa ba. Da za a riƙa rubuta nisa da tsayin hawa da lambobi, da kowa ya yi wa kansa hisabi. Na biyu shi ne ɗakin kayan aro. Tantin da aka ba ni a kwanan farko zif ɗinsa ya lalace, na kwana ina tokare ƙofar da jaka. Igiyoyi da kwalkwali dai ana duba su sosai, kowace igiya da littafin da ake rubuta ranar da aka fara amfani da ita da yawan faɗuwar da ta tare, amma duk abin da rai bai rataya a kansa ba an bar shi sai yadda hali ya yi. Akwai kuma soke fita a daren da za a tashi, wanda ya same ni sau biyu. Na yarda yanayi ba a hannunsu yake ba, amma hasashen ya nuna tun kwana biyu kafin nan, kuma wanda ya nemi hutu a wurin aiki ya cancanci a sanar da shi da wuri.

Wani abin da ban so ba, ko da yake ba laifin shugabanni ba ne kai tsaye, shi ne 'yan tsirarun da suka mayar da kowace fita tsere. Sukan yi gaba su zauna su huta, da na baya sun iso suna haki sai su miƙe a ci gaba, ta yadda wanda ya fi buƙatar hutu shi ne ba ya samu. Jagoran kirki yakan sa mafi rauni a gaba ya hana a wuce shi, amma ba duka jagororin ne suke da wannan tsayuwar ba.

Yanzu ina cikin rukunin da ke shirin zuwa Kilimanjaro a Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, inda numfashi ɗaya a ƙololuwa yake kawo kusan rabin iskar oksijin da mutum yake samu a bakin teku. A nan ma tsarin ƙungiyar ya burge ni, domin sun ƙi hanyar kwana biyar duk da ta fi sauƙin kuɗi, suka zaɓi ta kwana takwas don jiki ya saba da ƙarancin oksijin. Ciwon tsauni yakan fara ne daga wajen mita 2,500, da ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, kuma ba ruwansa da ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa. Shawarar likitocin fannin ita ce idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma wanda alamunsa suka tsananta maganinsa sauka. An sa kowannenmu ya sa hannu a takardar cewa idan jagora ya ce ya sauka zai sauka ba gardama, kuma ni ne na fara sa hannu.

Wanda yake son tattaki na awa biyu a hanyar da aka share ba ya buƙatar ƙungiya, takalmi mai kyau da aboki ɗaya sun ishe shi. Wanda kuwa yake nufin wurin da ake ɗaura igiya ko ake kwana a sama, ina ba shi shawara ya shiga, amma kafin ya biya kuɗin rajista ya nemi a bar shi ya bi su fita ɗaya a matsayin baƙo, ya lura da wanda aka sa a gaban ayari, ya tambayi ƙarfe nawa za a juya, sannan ya nemi a nuna masa littafin igiya.