Wace ciyawa za ka saya wa sabon gidanka?

Kafin ka je wajen masu sayar da furanni, fara lissafin ruwa. Ciyawar tsakar gida tana shan kimanin lita 25 a kowace murabba'in mita duk mako, wato jarka guda. Filin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 5 zai sha jarka 50 ke nan a mako, kuma wannan lissafin lokacin sanyi ne. A watan Maris da Afrilu, lokacin da bazara ta kankama a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, yana iya kusan ninkawa. Mai rijiyar burtsatse da famfo mai aiki da hasken rana ba zai ji komai ba. Wanda yake jiran 'yan garuwa kuwa, gara ya rage filin tun yanzu, ya bar ɗan yanki a gaban falo, sauran ya sa tsakuwa ko bulon intalok da bishiyoyi. Damina a Kano wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Ragowar shekarar kai ne ruwan sama. A Abuja da Jos da kudancin Kaduna ruwa kan fara tun Afrilu ya kai Oktoba, don haka zaɓinsu ya fi faɗi.

Idan ka je wajen masu furanni na bakin titi, iri huɗu za a fi nuna maka.

Na farko ita ce wadda suke kira Bahama ko Bamuda. Kada sunan ya ruɗe ka, ƙiri-ƙiri ce, wadda ka sani a bakin fadama da filayen ƙwallo, sai dai akwai nau'o'in da aka inganta masu ƙananan ganye. A ganina, duk wanda ke arewa da Zariya, da ita ya kamata ya fara tunani. Tana jure zafi, tana jure taku, yara su yi ƙwallo a kai ta farfaɗo. Tana yaɗo ta sama kuma tana da jijiya mai tafiya ta ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa in ta sha ƙishirwa takan bushe ta yi ja kamar ta mutu, amma da an ba ta ruwa sai ta sake tohowa. Aibinta biyu ne. Ba ta son inuwa ko kaɗan: tana buƙatar rana ta kai awa shida a yini, don haka ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ko gindin doguwar katanga za ta yi ta sirancewa har ƙasa ta bayyana. Na biyu, ba ta san iyaka ba. Za ta shiga cikin furanni, ta bi tsakanin intalok, in ba ka yi mata shinge da bulo ko kankare ba. Da damina kuma duk mako sai an yanke ta.

Ta biyu ita ce kafet, mai faɗin ganye, mai kwanciya a ƙasa. Ita ce ke jan idon mutane domin tana da duhun kore da laushi, kuma tana yin kyau a inuwa. Amma 'yar ƙasar damshi ce. Jijiyarta ba ta nisa, kwana kaɗan ba ruwa a cikin hunturu sai ta ƙone, kuma ba ta dawowa da sauri irin na ƙiri-ƙiri. A Abuja ko Minna, a gida mai bishiyoyi da ruwa wadatacce, zaɓi ne mai kyau. A Katsina, a fili fetal, asarar kuɗi ce sai in ruwanka ba ya yankewa.

Akwai wadda ake kira ciyawar Fatakwal. Tana da araha, tana kama ƙasa da ƙarfi, ba ta da yawan buƙatar taki. Matsalarta 'ya'yanta: in aka bar ta ta yi kai, ƙananan tsinkayenta na maƙalewa a ƙafar wando da zane da safa. Gidan da ake shimfiɗa tabarma a waje da yamma ba zai ji daɗinta ba.

Sai ciyawar Koriya, wato Zoysiya, mai siraran ganye kamar allura. Ta fi sauran tsada kuma ta fi su jinkirin rufe fili, tana iya cin watanni da yawa. Ladan haƙurin shi ne in ta rufe tana cunkushewa har baƙuwar ciyawa ta rasa wurin fitowa, kuma ba ta buƙatar yanka a kai a kai. In an yi sakaci da ita takan yi tudu-tudu. Ta fi dacewa da ƙaramin wuri na ado.

Game da irin ciyawa na leda ko gwangwani da ake shigowa da shi daga Turai da Amurka, karanta abin da aka rubuta a jiki. Da yawansu haɗin ciyayin ƙasashen sanyi ne irin su raigiras da feskiyu. Za su tsiro da kyau a watan Disamba, su yi kore shar, zafin Maris na zuwa su mutu. In ba ka ga sunan Bamuda a jiki ba, ajiye shi.

Hanyar shuka ma zaɓi ce. Dashe ya fi araha: a sayo ciyawar a buhu, a yayyaga, a dasa da tazarar kamar taƙi guda, cikin wata biyu zuwa uku na damina ƙiri-ƙiri ta haɗe. Shimfiɗa kuwa, wato a yanko ta da ƙasarta falle-falle a jera, tana ba ka kore a rana ɗaya amma kuɗinta ya ninka sau da yawa. Ko wacce ka ɗauka, ka duba abin da ake sayar maka da kyau, ka tona ka ga ko akwai aya-aya a ciki. Aya-aya na da 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa, in ta shiga gidanka cire ta sai an sha wuya, domin kana tuge ganyen tana sake fitowa. Lokacin shuka mafi sauƙi shi ne farkon damina, bayan ruwa ya zauna.

Abin da ya fi kashe ciyawar sabon gida ba iri ba ne, ƙasa ce. Magina kan bar ɓaraguzan bulo, busasshen siminti da jar ƙasar ciko, a share sama a ce an gama. Sai an kwashe wannan, an sassauta ƙasar, an zuba baƙar ƙasa mai kaurin santimita 10 zuwa 15. Filin nan na murabba'in mita 50 zai ci aƙalla kubik mita 5. Ka tsaya a wurin ranar da tifa za ta sauke, don sau da yawa abin da ake kira baƙar ƙasa yashi ne da shara. A daidaita filin ya ɗan gangara nesa da ginin, kada ruwa ya riƙa kwanciya a gindin bango.

Taki: kashin kaji da ya ruɓe sosai ya fi kashin shanu, domin na shanu na zuwa da 'ya'yan ciyayi, har da ƙarangiya, kuma ɗanyen taki da busasshen kara na jawo gara. Na zamani, NPK 15-15-15 ya isa lokacin shuka. Yuriya na sa kore da sauri saboda kashi 46 cikin 100 nata naitirojin ne, amma in ka barbaɗa da yawa ko ba ka bi ta da ruwa nan take ba, za ta ƙona ciyawar tabo-tabo.

Injin yanka kada ka yi gaggawar saye. Ƙaramin fili, almakashin lambu ko injin turawa marar mota ya wadatar, muddin ba ka bari ciyawar ta yi tsawo ba. Na lantarki mai waya ba shi da ƙara sosai kuma ba ya yawan buƙatar gyara, sai dai aikinka ya koma jiran a kawo wuta. Na fetur ya fi ƙarfi, shi ne na babban fili, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowane yanka da kuɗinsa, ga canjin baƙin mai da fulogi. Kafin ka biya, tambayi mai gyaran janareta na unguwarku ko ana samun kayan gyaransa. Mutane da yawa sun fi samun sauƙi su kira mai yanka da injinsa sau biyu a wata. Ko wa zai yanka, kada ya cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen a lokaci guda; masu aikin kan so su aske ta ƙasa-ƙasa don a daɗe ba a kira su ba, wannan ne ke sa ta yin fari.

Ciyawar roba ba ta buƙatar ban ruwa ko yanka, kuma ta yi kyau a baranda ko wurin da ke da rumfa. A tsakiyar rana kuwa zafinta na iya wuce digiri 60, yaro ba zai iya taka ta ba takalmi ba, ƙurar hunturu na cika ta sai an wanke, kuma bayan wasu shekaru rana na cinye ta a sake saye.

Ban ruwa da sassafe ya fi, a jiƙa ƙasa sosai sau biyu ko uku a mako maimakon yayyafi kullum, don jijiya ta bi ruwan zuwa ƙasa. Sabon dashe ne kawai ke son ruwa kowace rana, na mako biyu zuwa uku na farko.